Jinin da Ya Ƙi Bin Wata

Shekararta 46, haihuwarta takwas, kuma shekara biyar ke nan tana karɓar allurar tazarar haihuwa, wadda ake yi duk bayan wata uku. Tun cikin shekara ta biyu da fara allurar al'adarta ta ɗauke ɗungurungum, ta ma daina sayen audugar mata. Kwatsam sai jini ya dawo. Ba zuba yake yi ba, ɗigo ne, wani lokaci ja-wur, wani lokaci ruwan ƙasa, abin da bai wuce ya ɓata zane kaɗan ba. Ya zo yau, gobe ya ɗauke, jibi ya sake leƙowa, sai kuma a yi mako biyu ko uku ba a ga ko alamarsa ba. Babu ciwon mara, babu zazzaɓi, babu rama.

Yayata ce, 'yar wan mahaifina, tana aure a Bulkachuwa cikin ƙaramar hukumar Katagum. Da izininta nake ba da labarin, bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ba. Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta shi, amsoshi biyu da aka fara ba ta dukansu gaskiya ne ga dubban mata, amma ita ba nata ba ne, kuma da ta karɓe su ta zauna, da har yau ba a san inda jinin yake fitowa ba.

Amsa ta farko daga wani mai kemis ta fito. Da jin cewa tana allura sai ya ce, "Ai Hajiya allurar ce, haka take yi wa mata," ya ƙirgo mata ƙwayoyin tsayar da jini. Ta biyun kuma daga manyan mata ta fito, a gidan suna: girma ne ya zo, al'ada ce take ban kwana, kowa da haka ta fara. An sami wadda ta raɗa mata maganar sammu da abokiyar zama, amma Yaya ba ta bi ta kanta ba, don shekara goma sha suna zaune lafiya.

Ranar da lokacin allurarta ya zagayo, ta faɗa wa malamar asibiti da ke yi mata. Ita ce mutum ta farko da ba ta yi gaggawar ba da amsa ba, sai ta shiga tambaya. Ta fara da gwajin ciki na fitsari. Yaya har ta ji haushi, wai a shekarunta kuma ga allura. To amma mace ba ta fita daga sahun masu ɗaukar ciki sai al'ada ta tsaya mata tabbas, kuma ɗigon jini yana iya zama farkon ɓari, ko alamar cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda kan kashe mace cikin sa'o'i idan ya fashe. Gwajin ya nuna babu ciki. Daga nan malamar ta buɗe katin allurar ta bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Allurar Depo-Provera mako 13 take ɗauka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi wa mace ko da ta makara da mako huɗu. Wadda ta wuce haka, sinadarin yana raguwa a jikinta, jini na iya dawowa. Yaya ba ta taɓa makara fiye da 'yan kwanaki ba. Aka tambaye ta magunguna. Akwai maganin tarin fuka mai suna rifampisin, da wasu magungunan farfaɗiya, da ɗaya daga cikin magungunan ƙanjamau, waɗanda ke sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin ƙwayoyin tazarar haihuwa da na ashanar da ake sawa a damtse, har jini ya riƙa ɗigowa, kariyar ma ta yi rauni. Ga mai allura ba su cika yin tasiri ba, kuma ita ko ɗaya ba ta sha.

Saura zargin mai kemis, wato allurar kanta. A nan sai an fahimci yadda take aiki. Ba ta ɗauke da isturojin, sinadarin da ke gina shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata. Abin da ke cikinta miligiram 150 ne na wani sinadari ɗan uwan furojestaron, wanda ke hana ƙwai fita, ya kaurara ruwan bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai wuce ba, sannan ya sirantar da shimfiɗar mahaifar. A watannin farko, lokacin da shimfiɗar ke sirancewa, ƙananan jijiyoyin jininta suna saurin fashewa, shi ya sa sababbin masu allura suke yawan kuka da ɗigon jini, har da yawa sukan daina allurar saboda shi. Amma abin raguwa yake yi. Bayan shekara guda, kusan rabin masu allurar ba sa ganin jini kwata-kwata, kuma adadin ƙaruwa yake yi da tsawon lokaci. Wato tafiyar allura daga rikici take farawa ta ƙare a shiru. Ta Yaya kuwa akasin haka ce: shekara uku da 'yan kai na shiru, sannan rikici. Mai kemis ya faɗi gaskiyar wata uku na farko ga matar da ke cikin shekara ta biyar.

Maganar girma ta fi wuyar turewa, domin alamunsa suna nan. Yaya takan farka cikin dare sharkaf da gumi ko da sanyin hunturu ne, zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, barci ya gagara. Yawancin mata al'adarsu tana tsayawa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma kafin ta tsaya akwai shekarun da komai ke rikicewa. Ƙwai yakan fita wannan wata, wata mai zuwa ya ƙi. Watan da bai fita ba, jiki ba ya samar da furojestaron, sai isturojin ya yi ta kaurara shimfiɗar mahaifa babu mai tsawata masa, har ta fara zubewa ba tsari. Shi ne macen za ta ga al'ada sau biyu a wata, ko ta yi wata uku ba ta gani ba sannan ta zo da gudaje. Wannan bayani ya yi daidai da macen da ba ta amfani da komai. Ga wadda ke kan allura kuwa, an riga an riƙe ƙwan, furojestaron ɗin da ake cewa ya yi ƙaranci kuma ana zuba mata ɗan uwansa duk wata uku. Shimfiɗar da za ta yi kauri ta zube ba ta da damar yin kaurin.

Malamar ba ta tsaya kan hasashe ba, ta rubuta mata takarda zuwa babban asibitin tarayya da ke Azare, a yi hoton mahaifa. Ni na raka ta, don gidana ta sauka. Hoton ya nuna shimfiɗar siririya ce kamar yadda ake tsammani ga mai allura, babu wani ƙarin mahaifa mai girman da zai sa jini, gidajen ƙwai lafiya. Awon jini ya nuna ba ta rasa jini ba. Akwai gwajin sinadari da wasu ke nema don a gane ko al'ada ta kusa tsayawa, amma a wannan shekaru sinadarin hawa da sauka yake yi, sakamakon yau ba lallai ya zama na wata mai zuwa ba, don haka ba a dogara da shi. Muka koma gida da takardu masu cewa komai lafiya, da kwanan wata na ganin likitar mata, jini kuwa yana nan yana zuwa lokacin da ya ga dama.

Abin da ya buɗe maganar ba daga asibiti ya fito ba. Yaya ɗaliba ce a Islamiyyar matan aure, kuma abin da ya fi damunta tun farko ba tsoron cuta ba ne, salla ce. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, wadda ake karantar da ita daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala, iyakar haila kwana 15 ne. Mace mai al'ada sananna, idan jini ya wuce mata, takan ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakin da ta saba, muddin ba su haura 15 ba, abin da ya biyo baya ya zama jinin istihala, ta yi wanka ta ci gaba da salla. Idan kuma jinin yana zuwa yana ɗaukewa, kwanakin jinin kaɗai take harhaɗawa ta ƙirga, ranar da ta ga tsarki ta yi wanka ta yi ibadarta. Hatta ruwan da ya yi fatsi-fatsi ko ya gurɓace ana lissafa shi cikin haila. Matar da jini ke yi wa wasan ɓuya irin na Yaya ba za ta iya riƙe wannan lissafi da ka ba, sai malamarsu ta ce ta riƙa rubutawa. Ta ware shafukan ƙarshe na littafin da take rubuta darasi, duk ranar da ta ga jini ta sa alama, duk ranar da ta yi wankan tsarki ta sa wata. Watanni bakwai cur ta rubuta ba ta tsallake ba.

Na karɓi littafin ne don in taya ta ƙirga azumin da za ta rama. Ina bin alamomin sai na ga ba su warwatse kamar yadda take faɗa ba. Suna zuwa ne a gungu: alama ɗaya ko biyu, sai kwana biyu ko uku babu komai, sai wata alama, haka har na ɗan lokaci, sannan fili fetal na mako biyu ko uku. Al'ada, ko ta rikice, ba ta cika bin ƙaramin zagaye na kwana huɗu ba. Na tambayi kaina me ke zagayawa duk kwana huɗu a gidan Yaya, kuma amsar tana gaban kowace Bahaushiya. Su biyu ne a gidan, girki kwana bibbiyu.

"Yaya," na ce, "wannan dogon filin na watan da ya wuce, maigidan yana gari?"

Ta yi shiru tana tunani. Maigidanta fataucin dabbobi yake yi, yakan loda mota ya yi Kudu, ya yi makonni kafin ya dawo. Ta ce a'a, lokacin ya yi tafiya. Na nuna mata wani filin na baya, shi ma yana kan hanya. Na nuna alamomin da ke jere, na ce ta tuna girkin wa ke nan. Ba ta amsa ba, ta dai sunkuyar da kai ta ja mayafinta.

"Ke yarinya, wannan ai ba maganar da zan yi da ke ba ce."

"To ki yi da likita, Yaya."

Ta san da haka tun tuni, ko aƙalla ta lura cewa washegarin kwananta ne ta fi ganin jinin. Ba ta ɗauke shi abin faɗa ba, kuma ba wanda ya tambaye ta kai tsaye. Ban ga laifinta ba. An rene mu a kan cewa kunya ado ce, mace ba ta ambaton shimfiɗar aurenta ko ga 'yar uwarta, balle ga baƙo mai farin kaya. Amma wannan jimla guda da kunya ta riƙe ta fi hoton da awon jinin da muka biya kuɗi a kai amfani. Jinin da ke biyo bayan saduwa galibi ba daga cikin mahaifa yake gangarowa ba. Daga wurin da aka taɓa yake fitowa, wato bakin mahaifa ko bangon farji, kuma hoton da aka yi mata ba a nan ya fi gani ba. Sai an duba da ido.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, don na san sunan da ke kan gaba idan aka ce mace mai shekara 46, mai yawan haihuwa, tana ganin jini bayan saduwa. Sankarar bakin mahaifa tana cikin waɗanda suka fi kashe matan Najeriya. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna kusan mata 12,000 suka kamu da ita a ƙasar, kusan 8,000 suka rasu. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, tana ɗaukar shekaru goma zuwa ashirin tana sauya fatar wurin a hankali ba tare da ciwo ba, kuma ɗigon jini bayan saduwa yana cikin alamunta na farko. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2020 shi ne a duba kashi 70 cikin ɗari na mata kafin su kai 35, a sake dubawa kafin 45. Yaya ta wuce duka biyun ba a taɓa duba ta ba, duk da ta yi awon ciki sau takwas. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, Bauchi tana cikin jihohin zagayen farko, amma wannan na 'ya'yanmu ne. Mu iyayensu abin da ya rage mana shi ne a duba mu.

Likitar mata, da Yaya ta daure ta faɗa mata, ba ta yi tsalle zuwa sankara ba. Ta ce akwai ciwon sanyi da ke kumbura bakin mahaifa ya riƙa jini da an taɓa shi. Akwai bushewa, domin girma da allurar duka suna rage isturojin, fatar wurin ta yi laushi ta riƙa tsagewa. Ta tambaye ta ko tana wanki ko wanka a rafi ko kududdufi, ko ta taɓa fitsarin jini tana yarinya. Tambayar ta ba ni mamaki sai da ta yi bayani. Tsargiya sananniya ce a kwarin kogin Haɗeja da na Jama'are, mu dai mun san ta da fitsarin jini na yara maza, amma ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bakin mahaifar mace ya yi gyambo mai jini, har a ɗauke shi ciwon sanyi a yi ta shan maganin da ba nasa ba, alhali ƙwayar furazikwantel ce maganinsa. Yaya ta ce ita da ruwan rijiya ta tashi.

Aka shiga da ita bayan labule, aka sa ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa da ake buɗawa a haska. Duban bai kai minti goma ba. A daidai ƙofar bakin mahaifar akwai wani ɗan tsiron nama, ja, mai laushi, bai kai girman kan ɗan yatsa ba, yana reto a kan siririn jijiya. Da auduga ta taɓa shi sai ga jini. Irin wannan tsiro ya fi fitowa ga mata 'yan shekara arba'in da hamsin waɗanda suka haihu da yawa, fatarsa siririya ce cike da ƙananan jijiyoyi, shi ya sa ba ya jure gogayya. Likitar ta shafa ruwan khal a sauran bakin mahaifar, wanda ke sa wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, ba ta ga fari ba. Ta ɗebi ruwan wurin don gwajin ciwon sanyi. Sannan ta kama tsiron da ɗan ƙarfe ta murɗa shi har ya tsinke, ba tare da an sa Yaya barci ba. Ta ce ta ji kamar murɗawar mara ta ɗan lokaci.

Ba a jefar da naman ba, aka sa shi a kwalba aka tura ɗakin gwaji. Mafi yawan irin wannan tsiro ba sankara ba ne, amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma wani lokaci tsiron da ya leƙo waje daga can cikin mahaifa ya samo asali. Jiran sakamakon ya fi komai wahala. Da ya fito, ya ce tsiro ne kawai, babu sankara, gwajin sanyin ma bai nuna komai ba. Hujjar ƙarshe kuwa littafin ne ya kawo ta. Bayan 'yan kwanakin da wurin ya warke, maigida ya yi tafiya ya dawo, girki ya zagayo sau da yawa, ba a ƙara sa alama ko ɗaya ba.

Likitar ba ta sallame ta a nan ba, don girman da manyan mata suka ambata yana nan, allurar ma tana nan. Depo-Provera tana rage ƙarfin ƙashi kaɗan muddin ana yin ta, kuma mace mai gab da tsayawar al'ada dama ƙashinta zai fara raguwa, shi ya sa likitocin Ingila suke ba da shawarar a sauya ta idan mace ta kai 50. Ƙwayoyin da ke ɗauke da isturojin ba su dace da Yaya ba saboda jininta ya fara hawa. Aka bar mata zaɓi tsakanin ashanar hannu, Implanon ta shekara uku ko Jadelle ta shekara biyar, da kuma robar mahaifa mai tagulla wadda ba ta da sinadari ko kaɗan. Amfanin ta ƙarshen a wurinta shi ne jiki zai koma faɗin gaskiyarsa. Mai allura ba ta iya sanin ko al'adarta ta tsaya, tun da allurar ce ta ɗauke ta. Idan ta bar sinadari, sai ta ƙirga: wata 12 a jere babu jini shi ne tsayawar al'ada, kuma ana ci gaba da kariya shekara biyu bayan jinin ƙarshe ga wadda ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya ga wadda ta wuce. A shekara 55 kowa tana iya dainawa. Likitar ta ja mata kunne cewa bayan barin allura al'ada na iya ɗaukar watanni kafin ta dawo, kuma idan ta dawo a rikice za ta zo, robar ma na iya ƙara mata yawa. Wannan karon kam girma ne. Amma jinin da ya biyo bayan saduwa, ko ya yi yawa har da gudaje, ko ya ɓullo bayan an yi shekara babu shi, ta ce kada ta kai shi kemis, ta kawo mata shi. Yaya ta zaɓi robar.

Da ta koma Bulkachuwa ta kai wa malamarsu bayanin likita, a keɓe. Malama ta ce tun da ya tabbata jinin daga wani rauni yake fita a ƙofar mahaifa, ba haila ba ne, hukuncinsa na jinin ciwo ne, bai kamata ya hana ta salla ko azumi ba. Azumin da ta sha dama za ta rama, sallolin da ta bari a kwanakin nan su ma suna kanta. Suka buɗe shafukan ƙarshe na littafin suka ƙirga alamomin, kowace rana salla biyar, kuma tun daga lokacin Yaya take haɗa ramuwa ɗaya da kowace farilla har ta kammala.